Ɗaki Ɗaya Mai Aikin Ɗakuna 24

A ƙauye fili ba ya wuya. In mutum ya ƙara aure, ko 'ya'yansa sun girma, sai ya kwaɓa ƙasa ya ƙara ɗaki. Amma wanda ya taɓa zuwa cin rani birni ya san ba haka abin yake a can ba. Ɗaki guda za ka samu haya. A ciki za ka kwana, a ciki za ka ci, a ciki za ka ajiye kayan sana'arka. To, yaya mutum zai yi da ɗan ƙaramin wuri har ya ishe shi? Bari mu ba ku labarin wani da ya daɗe yana wannan tunani.

Can gabas mai nisa, a kudancin ƙasar Sin, akwai wani birni a bakin teku, sunansa Hong Kong. Turawan Ingila ne suka riƙe shi har 1997, sa'an nan ya koma hannun Sin. Mutanensa sun fi miliyan 7, ga shi kuwa yawancin ƙasar duwatsu ne. Saboda haka benaye masu tsawo suke ginawa, a raba kowane hawa kashi-kashi, kowane iyali su sami kashi guda.

A cikin 1976 iyayen wani yaro mai suna Gary Chang suka koma irin wannan wuri. Girmansa kamar mita 8 ne a tsaye, mita 4 a kwance. Mita ɗaya kuwa kamar babban takun namiji ne. Ku fita waje ku auna, ku gani da idonku. An yanka wurin ƙananan ɗakuna uku. Iyayen suka ɗauki ɗaya, ƙannensa mata su uku suka ɗauki ɗaya, na ukun aka sa 'yar haya. Shi kuwa a lungun da ake wucewa yake kwana.

Da ya girma ya zama mai zanen gine-gine, wato wanda ke zana fasalin gida a takarda kafin magina su fara aiki. Iyayensa suka tashi, shi ya sayi wurin a 1988, ya zauna shi kaɗai. Sai ya lura da wani abu mai sauƙi. Mutum ɗaya ba ya barci yana dafuwa, ba ya wanka yana cin abinci. In yana ɗakin kwana, madafa zaman banza take yi. Don me za a yanka wa kowane aiki ɗan ɗaki matsattse, alhali ɗaya bayan ɗaya ake yinsu?

Ya rushe bangayen ciki, wurin ya zama ɗaki guda. Ya yi ta gyara yana sakewa. A gyaran 2007 ya kafa dogon ƙarfe a rufi, ya rataya bangaye a jiki, suna tafiya kamar yadda jirgin ƙasa ke bin dogo. Ya ja bangon da talabijin ke jiki, sai ga madafa a baya. Ya ja wani, sai ga bahon wanka, bisansa kuma akwai gadon baƙo da ake saukewa. Gadonsa kuwa da safe ɗaga shi yake yi, ya manne da bango. Da haka ɗakin nan guda yake iya juyewa iri 24.

Kada wani ya ce zai yi irinsa. Aikin ya ci kuɗi da yawa, kuma don mutum ɗaya aka shirya shi. Mai iyali ba ya iya ɗaga gado yaro na barci a kai. Abin lura shi ne, bai fara da sayen kaya ba. Zamansa ya fara dubawa: me nake yi, da wane lokaci, da wane kaya?

Mu ma ai mun san wannan dabara, sai dai muna mantawa. Ku dubi zaure. Da safe malam na karantar da yara, da rana tela na ɗinki, da dare baƙo ya kwana. Tabarma in gari ya waye naɗe ta ake yi a jingine. Ƙwarya kuma a ragaya take, ba ta tare wa kowa hanya. Amma sau nawa muka ga tela ya kama ɗaki a birni, ya cika shi da ƙaton gado da kujeru don ya ga na maƙwabci, kekensa na ɗinki kuwa, wanda ke ci da shi, ba shi da wurin zama kusa da taga?

Abu ɗaya ne ba a haɗa shi da barci, komai ƙanƙantar wuri. Kada a hura gawayi a ɗaki a rufe a kwanta. Gawayi na fitar da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba a jin warinta, tana kuwa kashe mutum cikin barci.

Yanzu da kuka iya rubutu, ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ake yi a ɗakinsa daga asuba zuwa isha, da wanda ke yi. A ƙasa ya jera kayan da ke ciki, ya ja layi a ƙarƙashin duk wanda aka yi wata guda ba a taɓa shi ba. Ku zo da takardun aji ranar karatu mai zuwa, mu karanta tare.