Mutuwar 'Ya'yan Tumaki a Zangunan Hausawa na Kurmi

Tumakin da ake gani a zangunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, kamar Gariki da New Artisan a Inugu, mafi yawansu Yankasa ne da Uda da Balami da aka ɗauko daga Arewa domin yanka, amma ba a rasa magidanta da ke ware wasu mata daga cikinsu su yi kiwo a bayan gida. A wannan ƙaramin kiwo ne ake yawan ganin ɓari, da haihuwar matacce, da mutuwar ɗan a makonsa na farko.

Mafi girman sanadin yana aukuwa tun kafin haihuwa. Cikin tinkiya na kai kusan kwana 150, kuma a makonni shida na ƙarshe ɗan tayi ke yin mafi yawan girmansa. Tinkiyar da ta yi wannan lokaci a cunkushe cikin tirela, kwana da kwanaki ba abinci ba ruwa, ko wadda aka tsuke wa harawa saboda tsadarta a Kudu, takan haifi ɗa ƙanƙane marar ƙarfin tsayawa, ita kuma ta rasa dakashi, wato nonon farko mai kauri wanda ke ba jariri garkuwa daga cuta, wanda kuma amfaninsa ke raguwa ƙwarai bayan yinin farko.

Sai cututtuka. Bakkale, ciwon da ke sa ɓari a ƙarshen ciki, yana kama mutum ma, shi ya sa ɗaukar mahaifa da hannu tsirara ganganci ne. Akwai kuma ƙwayar cutar da ke cikin kashin kyanwa, wadda ke shiga dusa idan an bar buhu a buɗe, ta kashe ɗan tayi ba tare da uwar ta nuna alama ba.

Ƙasar ma ba ta tumakin Arewa ba ce. Ruwan saman Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na Kano, ga tsando mai kawo sammore, ga tsutsar ciki mai shan jini. Gajerun tumakin Kudu sun fi jure waɗannan. Jaririn da ya faɗo a jiƙaƙƙen daɓe sanyi ke kama shi, ƙazanta ta bi ta cibiya, gaɓoɓi su kumbura. Abin takaici shi ne rigakafin wannan bai wuce busasshiyar shimfiɗa, da shafa aidin a cibiya, da tabbatar da cewa ɗan ya kama nono cikin sa'o'in farko ba.