Tafarnuwa a Kwalbar Ginseng

A watan Fabrairun 2015, Antoni Janar na jihar New York a Amurka, Eric Schneiderman, ya aike wa manyan kantuna huɗu takarda: Walmart, Walgreens, Target da GNC. Ya umarce su da su daina sayar da wasu magungunan itatuwa masu ɗauke da tambarin kantunan. Ofishinsa ya sa an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta, sai aka tarar kusan huɗu cikin biyar ba su da ko alamar tsiron da aka rubuta a jikin kwalba.

To me ke ciki? A kwalbar ginseng ta Walgreens, tafarnuwa da shinkafa aka gani. A ginkgo na Walmart an samu alkama, alhali an rubuta ƙarara cewa babu ita. Ga wanda jikinsa ba ya jituwa da alkama, wannan ya wuce asarar kuɗi.

Masu sana'ar ba su yi shiru ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce idan aka tatsi sinadarin tsiro da zafi ko da ruwan magani, ƙwayoyin halittarsa kan lalace, don haka rashin ganinsu bai nuna an yi algus ba. Masana da dama sun yarda da hakan. Sai dai hujjar ba ta faɗa mana yadda alkama ta shiga inda aka ce babu ita ba. A watan Maris na 2015, GNC ta amince ta ƙara tsaurara gwajin kayanta.

Tushen matsalar, a ganina, wata doka ce ta 1994 da ta sanya waɗannan kayayyaki a sahun abinci. Kamfani ba ya buƙatar amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, kafin ya kai su kasuwa. Hukumar kan shigo ne daga baya. Mai saye kuwa sunan kantin yake kallo ya saki jiki, ga shi sau da yawa wani kamfani ne daban ya haɗa maganin, kantin ya manna sunansa.

Irin waɗannan kwalabe ne ake kawo mana tsaraba, mu karɓa da hannu biyu saboda "na waje ne". Juya kwalbar ka duba ƙananan rubutun da ke baya. A nan kamfanin da kansa yake sanar da kai cewa FDA ba ta tantance amfanin da ya ce maganin yana yi ba.