Sankarar Hanta Ga Yara: Sai An Haɗa Magani Da Wuƙa

A cikin cututtukan da ke kama ƙananan yara akwai wata da ba ta cika yawa ba, amma in ta kama ba ta jiran mai jinkiri. Ita ce sankarar hanta, wadda likitoci ke kira hefatobilastoma. Galibi yaran da ba su wuce shekara 3 ba take kamawa. Alamarta ita ce ciki ya kumbura, a ji wani ƙullutu mai tauri ta gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, yaro ya ƙi abinci, ya dinga ramewa. Sau da yawa iyaye sukan ɗauka saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga, kwanaki na wucewa, ƙarin kuwa yana ta girma.

A asibiti akan ɗauki hoton ciki, a kuma auna wani sinadari a jini mai suna AFP, wanda yakan hau ƙwarai ga yawancin masu wannan cuta.

A shekarun 1970 aikin fiɗa ne babban abin dogara, kuma yaran da ke tsira ba su wuce kamar 3 cikin 10 ba. Dalili kuwa, da yawa akan kawo su bayan ƙarin ya mamaye hanta, ba inda wuƙa za ta bi. To, a 1990 sai wata ƙungiyar likitocin yara na ƙasashe da dama, mai suna SIOPEL, ta gwada juya tsarin. Aka fara ba yara magunguna biyu ta jijiya, sisfilatin da dokzorubisin, har ƙarin ya motse, sa'an nan aka yanke shi, aka kuma bi da sauran maganin don kashe abin da ya ɓuya. Bayan shekara 5 aka tarar yara 75 cikin 100 suna raye. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya sauƙaƙa wa likitocin fiɗa shi ne, Allah ya yi hanta da baiwar tofowa. Ko an yanke fiye da rabinta, ragowar takan sake girma. In kuwa cutar ta ci ko'ina, sai dashen wata hantar. Dashen hanta na farko da ya yi nasara, Dokta Thomas Starzl ne ya yi shi a Denba ta Amurka cikin 1967, ga wata yarinya 'yar wata 18 mai sankarar hanta, wadda ta rayu fiye da shekara guda bayan aikin.

Maganin yana da wahalarsa. Yakan sa amai da zubewar gashi, sisfilatin kuma yakan taɓa ji. A 2018 ƙungiyar nan ta bayyana cewa wani magani, sodiyam tayosalfet, in an ba da shi awa 6 bayan sisfilatin, ya rage yaran da jinsu ke lalacewa daga 63 cikin 100 zuwa 33.

Akwai kuma wata sankarar hanta ta manyan yara, wadda ciwon hanta nau'in B ke jawowa. Ita ta fi taurin kai ga magani, amma tana da rigakafi. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, cikin shekara 10 cutar ta ragu da kusan rabi a tsakanin yaranta. Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004, kuma ana so jariri ya sami ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Saboda haka uwar da ta ji tauri a cikin ɗanta, kada ta tsaya sai gobe, ta nufi babban asibiti. Wanda kuma aka fara wa magani, kada a janye shi don an ga ciki ya saɓe. Saɓewar nan alama ce ta lokacin fiɗa ya yi, in aka koma gida a nan, ƙarin zai sake tasowa.