BINDIGA A GIDA: ABIN DA YA KAMATA MAIGIDA YA SANI KAFIN YA NEMA

Tun sa'ad da fashi da makami da satar mutane don neman fansa suka yawaita a wasu sassa na ƙasar nan, magidanta da yawa, na birni da na ƙauye, sun shiga tambayar wace irin bindiga ce ta fi dacewa mutum ya ajiye don tsaron iyalinsa. Tambaya ce ta mai hankali, gama ba wanda zai so a shigo masa gida da tsakar dare ya tsaya hannu rabbana. Amma a Nijeriya ba a kasuwa ake fara amsa ta ba. Doka ta riga ta yi wa maigida mafi yawan zaɓin, kuma wanda ya tsallake ta ya sayi abin da ransa ya so, yana iya samun kansa a gidan yari alhali ko ɓarawo ɗaya bai taɓa hauro masa katanga ba.

KASHI UKU NA BINDIGOGI

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa tun kafin samun mulkin kai, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya. Ta kasa bindigogi kashi uku, ko wane kashi da hukumar da ke da ikon ba da izninsa.

Kashi na farko su ne makaman da aka haramta. A ciki akwai igwa, da roka, da bam, da gurneti, da bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja masu bakin milimita 7.62 ko milimita 9 ko inci .300 ko inci .303. Bindigar nan da ake kira AK-47 a nan take. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, libarba da sauran ƙananan bindigogin da ake sokewa a ƙugu su ma a cikin wannan kashi suke, kome ƙanƙantarsu, ko da kuwa maƙerin gari ne ya ƙera. Ba mai ikon ba da lasin ɗaya daga cikin waɗannan sai Shugaban Ƙasa. Dokar ta ƙara da cewa duk bindigar da ba a ambace ta a kashi na biyu ko na uku ba, to, ta farkon ce.

Kashi na biyu su ne waɗanda farar hula ke iya riƙewa da lasin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda: bindigar farauta mai harsashin katirij, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a ɗura mata harsashi da hannu, da rafal ta farauta wadda bakinta bai shiga cikin na soja ba, da bindigar iska. Kashi na uku kuwa bindigar toka ce da danginta, watau waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin na maharba da 'yan tauri. Al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha, wanda da yardar Gwamna yake iya yin odar hana riƙe su ba tare da lasin ba, a jihar duka ko a wani yanki nata.

Akwai wata bindiga da ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi rikita mutane, watau ta katirij ɗin nan da ake jan hannunta baya a tura gaba ta ɗura wani harsashin. Jama'a sun saba ganinta a hannun masu gadi da 'yan sintiri har suna zaton halas ce ga kowa. Amma dokar, sa'ad da ta halatta bindigar katirij, ta cire mai sarrafa kanta, da mai rabin sarrafa kanta, da kuma wadda aka yi wa wata na'ura ta ɗura harsashi.  A watan Janairu na 2017 ma'aikatan Kwastan a Ikko sun kama guda 661 da aka ɓoye cikin kwantena ɗaya. Wanda aka yi wa tallarta a bayan fage, da wuya a ce ba daga irin wannan hanya ta fito ba.

WANDA AKE BA LASIN

Lasin bindiga ba hakki ba ne da mutum zai ce lalle sai an ba shi. Hukuma tana iya bayarwa, tana iya hanawa, tana kuma iya janye wanda ta bayar. Doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda idonsa ba ya gani sosai, da mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin tashin hankali ko barazanar yinsa a cikin shekara biyar da suka wuce. Lasin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lamba. Ba a ba da aronsa, ba a kuwa gadonsa. Harsashi ma sai da izni ake riƙe shi, kuma ba a sayen bindiga ko harsashi sai a hannun dillali mai rajista. Ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izni ba laifi ne, haka nan datse bakin bindigar katirij har ya gaza inci 20.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga ba da lasin ba yana jawo ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ta kashi na biyu kuwa har zuwa shekara biyar. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ita ma ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko a haɗa duka biyun. Kuɗin tarar ya zama ba kome ba a yau, amma shekara goma tana nan yadda take.

A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara, saboda tsananin ɓarnar 'yan bindiga, ta yi kira ga mutanenta su nemi lasin su mallaki bindiga. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya amsa cewa Gwamna ba shi da wannan iko, domin sha'anin makamai na Gwamnatin Tarayya ne. A watan Agusta na 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasin, saboda yawan makaman da ke yawo a hannun jama'a. Saboda haka mai niyya ya fara zuwa hedkwatar 'yan sanda ta jiharsa ya ji matsayin da ake ciki, kafin ya ba kowa ko kwabo. Takardar da wani ɗan tsakani ya kawo daga aljihunsa ba lasin ba ce, kome kyawun hatiminta.

WADDA TA DACE DA GIDA

In an ɗauka cewa mutum ya cika sharuɗɗa, hanya kuma ta buɗe, sai ya dubi gidansa tukuna kafin ya dubi bindiga. Gidajen mutanenmu ba a keɓe suke ba. A cikin gari katanga ɗaya ce ta raba maigida da maƙwabcinsa, a ƙauye kuwa sau da yawa zana ce ko dangar kara. Da bazara mata da yara a tsakar gida suke kwana, samari a zaure, baƙo a shago. Harsashi bai san wannan ba. Na rafal yana huda ƙyauren katako da kwanon rufi da tagar langa-langa kamar takarda, in kuwa bai gamu da kome ba yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da sauran ƙarfin kisa. An yi rafal don harbin dabba daga nesa a fili, ba ta da wurin zama a unguwa mai cunkoso.

Bindigar katirij mai baki ɗaya ko biyu ita ce mafi sauƙin sarrafawa, mafi ƙarancin lalacewa, kuma da an karya ta kowa yana ganin ko da harsashi a ciki ko babu. Ƙwayoyin harsashinta suna rasa ƙarfi da wuri fiye da na rafal. Duk da haka akwai wani kuskure da ya kamata a gyara: ana cewa wai ita ba a saiti da ita, da an harba sai ta watsu ta cika ɗaki. Ba haka ba ne. A tazarar taku huɗu ko biyar ƙwayoyin suna tafiya a dunƙule, faɗinsu bai wuce na ƙaramin faifai ba, suna iya kuskure wanda aka nufa, su kuma huda ƙofa su sami wanda ba a nufa ba. Tana da tsawo, juyawa da ita a lungu ko a ƙofar ɗaki da wuya, tana dukan kafaɗa, ƙararta a cikin ɗaki kuwa tana iya toshe kunnen mai harbin har ya kasa jin abin da ke faruwa a bayansa.

Bindigar toka harbi ɗaya gare ta, sake ɗuri kuwa sai an zauna, shi ya sa aka yi mata laƙabin harba-ka-ruga. Albarushi yana jan laima da damina ya ƙi tashi, in kuma an cika mata ciki fiye da kima, ko bututun ya yi tsatsa, sai ta fashe a hannun mai ita. Maharba da yawa sun rasa yatsu ta haka. Bindigar iska kuwa ta tsuntsu ce da gafiya. Nuna ta ga ɗan fashi sai dai ta sa shi ya riga harbi.

Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce, masu kai hari a ƙauyuka a yanzu sukan zo da yawa, a kan babura, da bindigogin soja. Magidanci ɗaya da harsashi biyu ba ya tare irin wannan ayari, kuma bindigar da aka san tana wani gida ita kanta kaya ce da ɓarayi ke zuwa nema. Inda ta fi amfani shi ne ga ɓarawo ɗaya ko biyu, su kuwa galibi ƙyaure mai ƙarfi, da sakata ta ƙarfe, da fitila a ƙofar gida, da kare, da maƙwabta masu fitowa in sun ji kururuwa sun isa su kore su. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ya kamata kuma kowane baligi a gida ya riƙe lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa.

AJIYA

Doka ta ɗora wa mai lasin nauyin tsare bindigarsa a ko da yaushe. A nan ne wahalar take, domin bindigar da aka kulle sosai ba ta kusa da hannu sa'ad da aka bukace ta, wadda ke kusa da hannu kuwa tana kusa da hannun kowa. Ɓarawo yana iya zuwa sau ɗaya a shekara goma, ko ma bai zo ba sam. Yaro mai son taɓe-taɓe yana gidan kullum, haka nan fushi, da saɓanin ma'aurata, da rikicin gado, da baƙin cikin da kan sa mutum ya yi tunanin halaka kansa. Abin da da zai ƙare da cacar baki ko mari, in akwai bindiga a bayan ƙyaure yana iya ƙarewa da jana'iza. Don haka a ajiye ta ba harsashi a ciki, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wurin dabam, mabuɗi a jikin maigida. Ƙarƙashin katifa da saman rumbu ba maɓoya ba ne, yara sun fi kowa sanin su. Ko an tabbata ba kome a cikinta, ba a nuna bakinta ga mutum, ba a kuwa sa yatsa a kan kunama sai an yi niyyar harbi. Harbin sama a wurin biki ko hawan salla shi ma haɗari ne, gama abin da ya hau sai ya sauko.

IYAKAR KARIYAR KAI

Lasin izni ne na riƙe bindiga, ba na harbin mutum ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 33, ya tabbatar wa kowa hakkin rayuwa, ya kuma yarda da yin amfani da ƙarfi don kare rai ko dukiya, amma gwargwadon abin da ya zama dole kuma yadda doka ta halatta. Dokar Final Kod da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960 ta bayyana cewa mai kare kansa ba shi da ikon yin ɓarnar da ta wuce bukata, kuma ba shi da wannan hakki in akwai sararin neman taimakon hukuma. Dokar laifuffuka ta jihohin Kudu ita ma ta ɗaure kariyar gida da sharaɗin kyakkyawan dalili. Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda ya harbi ɗan fashin da ya fasa masa ƙofa da makami a hannu yana da hujjar da zai gabatar. Wanda ya bi ɓarawon akuya ya harbe shi a baya yana gudu, laifin kisan kai zai amsa. A kowane hali 'yan sanda za su yi bincike, alƙali kuma shi zai auna.

Mafi munin kuskure shi ne harbin motsi a cikin duhu. Wanda ke taɓa ƙyaure da ƙarfe biyun dare yana iya zama ɗan gidan da ya makara a hira, ko maƙwabcin da matarsa ke naƙuda. Sai an haska an ga fuska, an kuma yi magana an ji amsa.

IN TA ƁACE, KO MAI ITA YA RASU

In bindiga ta ɓace, ko an sace ta, ko ta lalace, wajibi ne mai ita ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14. In mai lasin ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa yana da kwana 14 kacal da doka ta yarda ya riƙe ta. Bayan haka ta zama bindiga marar lasin, ko da ta shekara arba'in a gidan. Magada sukan manta da wannan a cikin hidimar zaman makoki da rabon gado, su bar ta rataye a ɗakin tsohon. Abin da ya kamata shi ne babban ɗa ko wakilin iyali ya je ofishin 'yan sanda da takardar lasin ya ba da rahoto, ya bi umurnin da aka ba shi na yadda za a kai ta, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambarta. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ƙarfafa ta da doka a 2024. Aikinta ya haɗa da tattara makaman da aka ƙwace ko aka miƙa, da lalata su. Mai unguwa ko dagaci yana iya raka wanda ke jin tsoron zuwa shi kaɗai.