Wayar da Kaurinta Zarra Ɗaya Ne

(Ƙarar ruwa a magudana)

Wannan da kuke ji ruwan madatsar Goronyo ne, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, yana gangarawa gonakin shinkafa da albasa. Duk manomin rani daga nan har fadamar Wurno ya san ƙa'idar: ka ɗan sare bakin fangali da fartanya, ruwa ya ɗan shiga, ka ƙara sarewa, ya ƙaru daidai gwargwado. Haka wutar lantarki ke bin wayar mai cajin salula a kasuwar Rabah. Waya mai kauri ta fi ɗaukar wuta, doguwa kuma ta fi yi mata tirjiya.

To amma in waya ta sirance har kaurinta ya koma ƙwayar zarra ɗaya tak, sai labari ya sha bamban.

A 1998, masana a jami'ar Laiden ta ƙasar Holan suka riƙa jan wayar zinariya a hankali, kamar mai saƙa na jan zare, cikin sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. Jaurar da ke hana mu wankan asuba wasa ce a nan. Dalilin sanyin kuwa, zafi kan sa ƙwayoyin zarra rawar jiki, sanyi kuma ya natsar da su. Da wayar ke sirancewa, wutar ba ta ragu sannu-sannu ba. Tsalle ta riƙa yi, hawa-hawa, kamar mai saukowa daga tsani. Shekara goma kafin nan, a 1988, an ga irin wannan tsani a biranen Delft da Kambirij, a cikin wani sinadari daban.

Me ya jawo? A irin wannan ƙunci, ƙwayar lantarki ba ta tafiya kamar tsakuwa. Kamar igiyar ruwa take, kuma igiya ko dai ta samu cikakkiyar ƙofa, ko ta koma. Babu rabin ƙofa. Wannan shi ne ilimin kwantam.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tsawo. Manomin da ke ƙarshen magudana kullum shi ke kukan ƙarancin ruwa. Amma a Laiden zarra ta yi ta bin zarra a jere, sarƙar na ƙara tsawo, tirjiyarta kuwa na nan kusan om 12,900, ba ta ƙaru da tsawon ba, har sarƙar ta tsinke.

(Ƙarar ruwa, sannan kiɗa)