Bayan Korona: Da Wane Ma'auni Za a Auna Ƙaramar Hukuma?

Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, hankalin jama'a ya koma kan alƙaluman da hukumar NCDC ke fitarwa kullum na waɗanda suka kamu da korona. Amma hidimar da ta fi taɓa talaka, wato kwasar shara, tsabtar kasuwa da kula da asibitin sha-ka-tafi, tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kaso mai tsoka a cikinta, kuma Kano na da guda 44. Janye dokar kulle ba ya nufin aiki ya farfaɗo. Ana gane farfaɗowa ne daga rajistar asibitin unguwa: yara nawa aka yi wa rigakafin ƙyanda, mata nawa suka koma awon ciki, idan aka kwatanta da kafin annoba.

Wasu za su ce ciyaman ba shi da kataɓus, tunda kuɗinsa ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi. Da gaskiyarsu, shi ya sa Kotun Ƙoli ta yi umarni a Yulin 2024 a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Sai dai liƙa alƙaluman wata-wata a allon sakatariya ba ya cin wani kuɗi, kuma da su ne kansila da mai unguwa za su san inda aiki ya tsaya, su tambayi dalili.