Gaskiya ko Jita-jita: Shin An Yi Soyayya Tsakanin Mayaƙa Maza a Tarihi?

Finafinan yaƙin dā sun cika wayoyin matasa daga Kafur har Funtuwa, kuma sun haifar da gardama a majalisu. Ga maganganu huɗu da ake yawan ji, da abin da tarihi ya ce.

"Duk ƙirƙirar 'yan fim ce"

Jita-jita ce. A birnin Tibis na ƙasar Girka an kafa wata runduna ta mutum 300 wajen shekara ta 378 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubuci Fulutak ya ce an haɗa su ne bibbiyu, masoyi da masoyinsa, domin namiji ba zai so ya gudu a gaban wanda yake ƙauna ba. Rundunar na cikin waɗanda suka karya mayaƙan birnin Isfata a yaƙin Luktura a 371, sannan Sarki Filibus na Makidoniya ya murƙushe ta a Kaironiya a 338. Da aka tona wurin a ƙarni na 19, an sami ƙwarangwal 254. Sai dai Fulutak ya rubuta labarin bayan fiye da shekara 400, shi ya sa wasu masana ke ganin ya ƙara gishiri.

"Akilis da Faturokulus masoya ne"

Wannan fassarar 'yan baya ce. Waƙar mawaƙin Girka Homa, wadda ita ce tushen labarin jaruman nan biyu, ta nuna shaƙuwa da zafin rashi, amma ba ta kira su masoya ba. Aflatun ya ɗauke su a haka, shi kuwa Zinofon ya ce abota ce zalla. Girkawan kansu ba su yi ittifaƙi ba.

"Turawa kaɗai suka san wannan"

Jita-jita ce. Mayaƙan samurai na Japan sun yi irin wannan al'ada, har Ihara Saikaku ya wallafa littafi a kanta a 1687. A Afirka ma, masani Evans-Pritchard, wanda ya zauna da ƙabilar Azande ta Sudan ta Kudu, ya rubuta a 1970 cewa mayaƙan fadar sarakunansu sun yi hakan a dā, kafin al'adar ta mutu. A wuraren nan galibi babba ne da na ƙasa da shi, kuma iko ne ke tafiyar da alaƙar.

"To, mayaƙan ƙasar Hausa ma haka suke"

A nan ne aka fi yin kuskure. Kudancin Katsina ya sha yaƙi. Gozaki, a ƙaramar hukumar Kafur, tsohon gari ne mai tarihi, Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ce, kuma a ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi sun yi ta kai hari ƙasar Katsina. A irin wannan zamani, abin da ke ɗaure barde da ɗan'uwansa shi ne aminci: amini ke riƙe maka sirri, shi ke tsaya maka ranar aure, shi ke ɗauko ka idan ka faɗi a fagen fama, shi ke duba iyalinka idan ba ka dawo ba. Dubi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Giɗaɗo ɗan Laima: amininsa ne, wazirinsa ne, kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Shari'ar da daularsu ta ginu a kai ta haramta luwaɗi. Har yau Bahaushe kan riƙe hannun abokinsa a kasuwa, ba wanda zai kawo komai a ransa. Baƙon da ya fassara wannan da idon ƙasarsa ya ɓata hanya.

Hukunci

An yi abin a wasu al'ummu, kuma akwai shaida a rubuce. Amma ba kowace shaƙuwa tsakanin jarumai ke nufin soyayya ba. Kafin ka yarda da abin da fim ya nuna, tambayi wa ya rubuta labarin, a wane zamani, kuma game da wace al'umma.